Yadda Majanyina Ya Je Yamai Ya Dawo

Tun da muka dawo daga Yamai ban yi daka na gama shi a tsayuwa ɗaya ba. Da na ɗaga taɓarya sai in ji sallama. Wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo ɗiban wuta alhali ina hango hayaƙi a gidanta. Kowacce ta samu kujera sai ta ce, "Ayashe, wai ya ƙasar take? Da gaske mata na hawa babur?" Na faɗa, na maimaita, har muryata ta dishe. Ga shi kuma labarin ya rabu biyu a Mahuta: akwai wanda Gwaggo Tasalla take bayarwa, akwai wanda ya faru. Shi ya sa na nemo littafi mai layi na zauna. Karatuna aji uku ne a Gozaki, don haka wadda ta ga baƙi ya karkace ta miƙe shi da kanta. Malamar ajin yaƙi da jahilci ta ce za ta karanta muku ranar Laraba.

Mafarin abin Anti Sikira ce, 'yar Alhaji mai kantin kwanoni na bakin tashar Funtuwa. Iyayenta Yarabawa ne, amma a Funtuwa aka binne cibiyarta, in tana ciniki ba kya ce ta taɓa jin wani yare ba. Ta yi karatun zane-zane a babbar makaranta a Zariya. Bara da kaka, ana cikin cirar auduga, ta sauka a ƙofar gidanmu tana neman masu saƙa, aka nuna mata ɗakin Gwaggo, ƙanwar mahaifin Malam maigidana, wadda take zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Ni ke yi mata kaɗi, ita ke saƙa.

Ba zan ci haƙƙin Anti ba. Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki gwadon Gwaggo da hannu biyu ba sai ita. Ta ɗaga shi a rana, ta shinshina, ta bi zaren da farce, ta ce, "Gwaggo, kun san abin da kuke da shi kuwa?" Mu da tun zuwan atamfa muka mayar da saƙi abin rufa da shanyar barkono. Sai ta buɗe wata babbar takarda ta nuna mana matan da ta zana, dogaye, ba ido ba hanci, ƙugu kamar na zanzaro. Ta ce tufafi take ƙirƙira wa mata masu aiki, da saƙar gida.

Na ce, "Anti, wane irin aiki?"

"Ofis mana. Banki, asibiti, masu buga tafireta."

Gwaggo ta ce, "Mu fa?"

"Ai ku kuna gida, Gwaggo."

A ranar tun asuba na jawo ruwa, na yi surfe, na kai abinci gona, na dawo da ƙunshin auduga a ka da goyo a baya. Ranar na fara sanin ashe zaman banza nake yi.

Da bazara ta dawo ta ce an gayyace ta wani taron nuna tufafi a Yamai, babban birnin Nijar, kuma tana son mata biyu su zauna a gefe, ɗaya na kaɗi ɗaya na saƙa, don jama'a su ga inda abin ya samo asali. Malam ya kwana uku yana cewa a'a. Gwaggo ta shiga ɗakinsa sau ɗaya ta fito, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Kafin in hau mota sai na faɗa muku abu biyu, in ba haka ba ba za ku gane haukan da na yi ba.

Na farko majanyi. Ba banza aka sa mini Ayashe ba. Innata ta haifi huɗu kafin ni, duk suna komawa kafin yaye. Da aka haife ni wata tsohuwa a Gozaki ta saƙa mata majanyi, baƙi mai ratsin ja, da geza a bakinsa biyu, ta ce da shi za a riƙa ɗaure goyona. Na tsaya. Ƙannena biyu da shi aka goya su, suka tsaya. Da na je wankan gida Inna ta ciro shi daga ƙasan adaka ta ɗora mini a cinya ta ce, "Kada ya kwana a hannun wani, kada almakashi ya taɓa shi." Wadda ta ga dama ta ce canfi ne. Ni ma na san Allah ke rayawa. Amma duk wadda ta taɓa kara kunnenta a hancin jinjiri don ta ji ko yana numfashi ta san abin da nake nufi. Zancen nan ban taɓa yi wa kowa a gidan miji ba.

Na biyu, yarinyar da ke bayana 'yar fari ce, wata takwas, kuma sunan mahaifiyar Malam ta ci. Kun san dokar. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane, in ta yi kuka a gaban dangin ubanta sai in kalli bango har wani ya ce, "Ke, ɗauke ta mana." A Mahuta an shaide ni da kunya. Gwaggo har alfahari take yi da ni a gidan biki.

Muka tashi ran Litinin bayan sallar asuba, ni da Gwaggo a baya, Anti a gaba, akwatunan tufafi sun cika bayan mota, itacen saƙar Gwaggo a ɗaure a sama kamar za mu je kafa rumfa. Tsakanin Funtuwa da Malumfashi sau uku na tsayar da mota da sunan fitsari, alhali yarinyar nake son in sauke a bayan bishiya in duba, inda Gwaggo ba ta gani. A na ukun direbanmu Malam Ilu ya ce, "In haka za a yi, sai yarinyar nan ta isa talla kafin mu ga ganuwar Katsina." Muka ci waina a Katsina, muka miƙi hanyar Jibiya.

Ni na ɗauka iyaka katanga ce ko kogi. Ashe gora ce guda ɗaya aka gitta a kan ganga biyu, akuya na wucewa ta ƙarƙashinta ba mai tambayarta takarda. Ma'aikacin ɓangarenmu wani saurayi ne mutumin Kudu, da gani bai daɗe da zuwa Arewa ba. Ya duba takardunmu, sai ya nuna bayana da biro.

"Madam, yarinya na wa?"

Na sunkuyar da kai. Gwaggo na tsaye kafaɗa da kafaɗa da ni, da wane baki zan ce tawa ce?

"Madam, na tambaya. Yarinya naki ne?"

Na ce a hankali, "Ta mutanen gida ce."

"Wane mutane? Mene sunan shi?"

Na zuba wa takalmina ido. Ya ajiye biro, ya kira abokinsa, suka shiga Turanci da sauri suna kallona irin kallon da ake yi wa wadda aka kama da akuyar wani a kasuwar Dandume. Anti ta dawo daga wajen kaya ta tarar ana shirin kwance mini goyo. Ta yi musu bayani da Turanci, ta ƙara da Yarabanci, ta juyo ta yi mini faɗa da Hausa. A ƙarshe Gwaggo ce ta faɗi sunan, ya rubuta yana girgiza kai. Ya ce a garinsu uwa in ta hau mota kafin a kai tasha ta gaba kowane fasinja ya san sunan ɗanta da ranar da ya fara rarrafe. Da muka koma mota Gwaggo ta dafa gwiwata ta ce, "Haka ake so. Ko a gaban hukuma ba ki zubar mana da mutunci ba." 

A ɗaya ɓangaren jandarmomi ne, suna Hausa irin tasu. Ɗaya ya buɗe akwati ya ɗago wani siket da yatsa biyu ya ce, "Wanga na ƙananan ɗiya na?" Anti ta ce na manya ne, masu aikin ofis. Ya leƙa cikin akwatin ya ce, "To ina sauran nai?" Sai ya ɗauko kwat, ya murza, ya kai hanci, ya ce, "Kai! Wanga ai gwado na, irin wanda tsohuwata ka rufa da shi. Mi ya yi maku kunka yi mai hakanga?" Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, tambaye ta, ni ma tun Mahuta nake son in ji."

A Maraɗi muka kwana, gidan yayar Malam Ilu. Maraɗi kamar gida ce, tuwonsu tuwonmu, sai dai burodi. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ba a naɗe shi da komai, mutum ya saƙala shi a hammata ya hau keke cikin ranar nan ya kawo miki ki ci. Gwaggo ta ce ita ba ta cin abin da ya yi tafiya a hammatar namijin wasu. Da aka tsoma mata a shayi mai madara ta cinye rabin sanda, ta ce a ajiye mata sauran saboda hanya.

Hanyar Yamai ba ta ƙarewa. Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ko wane gari da jandarmansa da usur ɗinsa. Furarsu ruwa-ruwa ce, kina hango ƙasan ƙwarya. Daga Doso Hausa ta fara ƙaranci. Na gaida wata mai sayar da gyaɗa, ta amsa da Zabarmanci, na ƙara gaisuwa, ta ƙara amsawa, muka yi ta yi har Malam Ilu ya danna oda.

Abin da kuke ta tambaya gaskiya ne, mata na hawa babur a Yamai. Wani ƙaramin babur ne mai tari kamar tsohon da ya shaƙi taba. Za ki ga mace da tabarau, jaka a rataye, ta zauna daram tana tuƙi, mazan gari ko kallonta ba sa yi. Anti ta nuna su ta taga ta ce, "Kin gani, ƙanwata? Waɗannan su ne mata masu aiki. Su na yi wa ɗinki." Na duba da kyau. Duk zane suka ɗaura, kuma da yawansu akwai goyo a baya, wata da tawul ta ɗaure nata, kan yaron yana lilo. Na ce, "Anti, to da siket ɗin nan naki ta yaya za su ɗaga ƙafa su hau?" Ta ce, "Ba don babur ake zane ba, don ido ake yi." Wani abin kuma, da rana ta take sai garin ya mutu. A rufe ofis, a rufe kanti, kowa ya tafi gida ya kwanta, da izinin gwamnati. Gwaggo ta ce in wannan ne aiki ita ma a rubuta sunanta.

A otal aka sauke mu, bene hawa biyu. Gadon in kin hau sai ya haɗiye ki, don haka Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a ƙasa. Makewayi kuma a cikin ɗakin yake, wata farar kujera mai ruwa a ciki, tsakaninta da inda muke salla ƙofa ɗaya ce ta katako. Gwaggo ta yini ba ta sha ruwa ba don kada ta buƙace shi. Da aka kawo abinci sai ga ɗanyen ganye da tumatir an yayyafa mai. Gwaggo ta kira mai kawowar ta tambaye shi ko itacen girkinsu ne ya ƙare. Allah ya taimake mu da wata Bamaraɗiya a bayan otal mai sayar da dambun zogale.

Washegari da hantsi yarinyar ta ɓata majanyin. Na wanke shi na shanya a igiya a tsakar otal, na zauna kusa ina gadinsa. A wurin ne Anti take gwada wa 'yan matan da za su nuna tufafin, su biyar, kowacce doguwa kamar karan dawa. Da telan da aka ba ta, wani Bazabarme mai tef a wuya wanda ba ya jin Hausa ko ta zo-ka-ci.

A nan na ga aikin hannunmu sosai. Akwai ta mai buga tafireta, siket na saƙi, ya matse wadda ta sa shi har ɗankunnenta ya faɗi ta tsaya tana kallonsa, sai Gwaggo mai shekaru ce ta durƙusa ta ɗauko mata. Akwai ta ma'aikaciyar banki, kwat na gwado, gwadon da muke rufa da shi in sanyi ya yi tsanani, a wannan bazarar. Yarinyar tana tsaye gumi na ɗiga ta haɓarta. Akwai ta malamar makaranta mai zif a baya tun daga wuya har ƙugu, wato kullum da safe sai kin kira maƙwabciya ta rufe ki, in kun yi faɗa kuwa ranar ba makaranta. Na duba duka biyar ban ga ta inda za a ciro nono a ba yaro ba. Abu ɗaya ya burge ni, ba zan ɓoye ba: aljihu. Rigar mace da aljihu biyu! Na sa hannu a ciki na ji kamar an ba ni ɗaki nawa ni kaɗai.

Ta ƙarshe ita ce ta shugabar ofis, farar saƙa tas. Anti ta yi ta zagaya yarinyar da allurai a baki tana cewa akwai abin da ya rage. Tana cikin zagayen idonta ya faɗa kan igiya.

"Wannan fa! Dubi ratsin nan! Wa ya saƙa wannan?"

Kafin in miƙe ya riga ya shiga hannunta. Gwaggo ta karɓa ta duba gezar ta ce, "Tsohon hannu ne, yanzu ba a irinsa. Na goyon yarinyar nan ne."

Anti ta yi abin da mai tarbiyya ke yi, ta roƙi babba. "Gwaggo, a ba ni shi don Allah. Gobe a kafaɗa za ta yafa. In an samu mai saye, tela ya yanka shi ya fitar mata da wuya da bakin aljihu."

Gwaggo ta ce, "Mene ne a tsumman goyo? In mun koma na saƙa mata sabo. Ko kina da magana, Ayashe?"

Duk suka juyo. Da zanena ne ko ɗankwalina, wallahi da na ce ina son abina. Amma majanyi na yarinya ne. In na ce a'a, na tsaya ke nan a gaban ƙanwar surukina ina nuna ina ji da 'yar fari. Zuciyata tana ihu, bakina ya ce, "Ba komai, Gwaggo."

Ranar majanyin ya kwana a hannun wani. Dokar Inna ta farko ta karye, saura ɗaya.

Na ɗaure goyon da gyalen nailan mai santsi, taku goma sai in tsaya in tura ta sama. Kafin la'asar jikin yarinyar ya yi ɗumi. Gwaggo ta taɓa ta ce haƙori ne. Na ce to, na shiga makewayin nan da muke ƙyama na rufe ƙofa na yi kuka ba sauti. Na faki ido na je ɗakin tela, na ga majanyin a kan teburinsa, almakashi a gefe. Na nuna shi, na nuna bayana, na haɗa hannu ina roƙo. Ya yi murmushi ya gyaɗa kai alamar ya gane sarai, ya zaro tef ya auna kafaɗata da tsawon bayana ya rubuta. Na nemi Anti ita kaɗai, in na same ta Gwaggo na kusa, in Gwaggo ta matsa ita kuma ta cika baki da allurai tana cewa, "Gobe, ƙanwata, gobe."

Goben ta zo. Na ɗauko atamfata ta fitar biki, wadda na yi ta adanawa tun Mahuta. Anti ta ce in cire. Ta ba mu tsofaffin zannuwan saƙi, ta ce mu ajiye takalma, wai mu fito "na asali". Na yi tafiyar kwana biyu don in zauna a gaban manyan mutane kamar wadda za ta sussuka. Aka ajiye mu a gefen dandamali a wani babban zaure, Gwaggo da saƙarta, ni da mazarina da auduga a faifai. Wata Baturiya ta zo ɗaukar hotona, na yi murmushi, ta sa aka ce mini in daina.

Bayan la'asar aka fara. Anti tana bayani da Hausa a lasifika, wani mutum yana juyawa Faransanci. 'Yan matan suka riƙa fitowa ɗaya-ɗaya, suna taku kamar masu tsallake kashin kaji, fuska a murtuke kamar an hana su abinci. In ta kai ƙarshen dandamali sai ta juya ta dawo, ba ta kai komai ba, ba ta ɗauko komai ba. Jama'a na tafi. Gwaggo ta ce ƙasa-ƙasa, "Kin ga aikin ke nan."

Sai ga shugabar ofis, fara sol, majanyina a kafaɗarta, gezar tana lilo. Zauren ya ɗauki tafi. Anti ta sanar cewa wannan ratsin babu irinsa a duniya, kuma wadda ta fara ɗaga hannu a gaban idonta za a yanka mata shi. Wata babbar mace a layin gaba, mai tabarau mai ruwan zinariya, ta ɗaga hannu. Aka hau da ita. Tela ya zo ya sauke majanyin, ya ninka shi biyu, ya ja masa layi da alli, ya sa hannu a aljihu.

A daidai lokacin gyalen ya zame, yarinyar ta sulale har ƙuguna ta tsala kuka. Bisa doka sai in jira Gwaggo ta ce in ɗauke ta. Gwaggo kuwa ta ba ni baya tana saƙa. Na ga bakin almakashin ya buɗe.

Ban san sanda na saki mazarin ba, na dai ji yana gangarawa yana jan zare. Na tallabe ta da hannu ɗaya na ratsa dandamalin ba takalmi, na fizge majanyin daga hannun tela. Ban lura ina tsaye a bakin lasifika ba. Na ce, "Ba a yanka wannan! Na 'yata ne! 'Yata ce, ni na haife ta!" Muryata ta fito ta kowace kusurwa kamar ta mai shelar Sallah. Kuma ban tsaya nan ba. Don in lallashe ta na kira sunanta, cikakke, sunan surukata, sau biyu. Mai juyawa Faransanci, bawan Allah mai riƙon amana, shi ma ya juya.

Na sunkuya, na tura ta tsakiyar baya, na wurga majanyin ya kama ta, na ƙulle a gaba. Ta yi ajiyar zuciya ta yi tsit. Zauren ma ya yi tsit. Na ce yau sai jandarma.

Sai tafi ya ɓarke, wanda ya fi na kowace riga. Sun ɗauka cikin shirin ne! Anti Sikira ba a banza ta tashi a kanti ba. Ta kama lasifika ta ce, "Jama'a, wannan ita ce tufa ta ƙarshe, ta mace mai aikin da ba a tashi." Mai tabarau ta rungume ni tana Faransanci. Da aka watse matan da suka yi wa Anti dafifi ba siket suke tambaya ba. Wata ma'aikaciyar gidan waya, Bahaushiya, ta ce mini, "'Yar'uwa, koya mani ƙullin nan. Tawul na zame mani bisa babur, kullum hannuna guda na baya."

A mota Anti ta juyo ta ce, "Don girman Allah me ya hana ki faɗa mini tun jiya?" Na kalli Gwaggo ta wutsiyar ido. Anti ta ce, "Kai, kunyar nan taku wata rana sai ta kashe mutum." 

Gwaggo ba ta yi mini magana ba daga Yamai har Maraɗi. Ko burodin ba ta ce a ajiye mata ba. Da muka iso gorar Jibiya sai ga saurayin nan, ya gane mu, ya washe baki. "Madam! Yarinya na wa?"

Gwaggo ta ce, "Tata ce. Duk Yamai ta ji."

Mun wuce Katsina, Anti na gyangyaɗi a gaba, sai na ji hannun Gwaggo a ƙirjina. Na ɗauka ture ni za ta yi. Ƙullin majanyin ta kama, ta ja shi ta ƙara tamkewa. Ba ta kalle ni ba, taga take kallo, ta ce, "Nawa na fari watansa shida. Kwana uku yana zazzaɓi ina kallon bango, don surukata na tsakar gida. Da aka ce in ɗauke shi, na ɗauke shi, amma ya riga ya koma." Muka wuce wani ƙauye. Sannan ta ce, "In mun isa gida, ni na ƙwace majanyin nan. Kin ji ko? Ni tsohuwa ce, ba ni da kunyar da za ta zube."

Wannan shi ne labarin da kuka ji a bakinta. Na lura kullum yana ƙara girma. Makon jiya ta bugi telan da sandar saƙa, shekaranjiya na ji telolin sun zama uku. Allah ya saka wa Gwaggo da alheri, rufa mini asiri ta yi. Amma a layinmu kaɗai akwai masu cikin fari biyu, kuma tun ranar da na ji maganar nan ta hanyar Katsina ban iya kallon bango kamar da ba. Ni na ƙwace, ni na yi ihu, ni na kira suna. Wadda za ta ce Ayashe ba ta da kunya ta ce.

Zazzaɓin haƙori ne, biyu sun fito a ƙasa. Layin allin ya fita da wanki ɗaya. Anti ta aiko tana son majanyai masu ratsin ja, da 'yar takarda da za a liƙa wa kowanne mai cewa ita ta zana. Gwaggo ta ce a bar ta, ita ma ta sha hanya. Ni kuma na sa an yi wa rigunana aljihu.

Sunan yarinyar kada ku sa rai za ku gan shi a littafin nan. Na faɗe shi a lasifika a ƙasar wasu, ya isa. Ranar Laraba kuma ku karanta babu ni, ba zan samu zuwa ba. Ga surfe, ga wanki, ga zaren Gwaggo, zaman banzan nan nawa ya yi mini yawa.